AN KASHE MANA MUTANE, AN CE MU YI SHIRU: MENE NE HUKUNCIN KUKAN WANDA AKA ZALUNTA?



'Yan'uwa, yau ba ci gaban darasinmu na fiƙihu na zo da shi ba. Mun tsaya a babin taimama, in Allah Ya kai mu mako mai zuwa za mu ɗora daga nan. Wata magana ce ta tokare ni a maƙoshi tun ranar Juma'a, kuma ina tsoron in haɗiye ta Allah Ya tambaye ni.

Bayan an sallame Juma'a wani dattijo ya tare ni a bakin masallaci. Mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Faskari, yanzu yana fake a kangon wani bawan Allah a Funtuwa, shi da matan 'ya'yansa da jikoki. Ya riƙe hannuna bai saki ba, ya ce:

"Malam, tambaya gare ni. Jikana ya kunna mini wani wa'azi a waya, malamin yana cewa duk wanda ya fito fili ya yi wa hukuma magana ya zama Bakhawarije. To ni ranar da aka kashe mini 'ya'ya biyu, mun ɗauki gawarwakin mun ajiye a kan kwalta, mun tare hanya, don kawai wani babba ya zo ya gani da idonsa. Malam, in na mutu a haka, a kan ɓata na mutu?"

Wallahi na daɗe ban ce komai ba. Mutumin da aka kashe wa 'ya'ya, aka kore shi daga gonar da ya gada, abin da ke hana shi barci yanzu shi ne ko kukan da ya yi ya fitar da shi daga Sunna. Kuma mu muka sa masa wannan tsoron, mu masu rawani da lasifika. Shi ya sa na ce amsar da na ba shi a tsaye a bakin masallaci bari in rubuta ta a zaune, don na san ba shi kaɗai ke ɗauke da wannan tambaya ba.

Kafin hukunci, sai an san mas'ala. Bari in tuna mana abin da ya faru, don mu mutane ne masu saurin mantuwa.

Ranar Talata 9 ga Yuni, 2020, 'yan bindiga suka shiga Kadisau a ƙaramar hukumar Faskari a kan babura, suka yi ta harbi har suka gaji. Gomman mutane aka binne, rahotanni suka ce sun haura 50. A cikin wannan watan mutanen 'Yantumaki ta Ɗanmusa, waɗanda aka kashe wa hakimi a gidansa, suka fito kan titi. Mutanen Yankara su ma suka tare hanyar Funtuwa zuwa Gusau. Ranar 16 ga watan gamayyar ƙungiyoyin Arewa ta yi zanga-zangar lumana a cikin birnin Katsina, ba a fasa gilashin kowa ba. Da aka watse sai aka kama jagoransu, Nastura Ashir Sharif, aka wuce da shi Abuja, sai bayan kwana biyu aka sako shi. Shi kuwa wanda 'yan sandan Katsina da bakinsu suka ce shi ya jagoranci kisan Kadisau, Ado Aleru, suka sa ladan naira miliyan 5 ga duk wanda ya taimaka aka kama shi, ba a kama shi ba. A watan Yuli na 2022 sai ga shi a fadar 'Yandoton Daji ta Zamfara da rana tsaka ana naɗa masa rawanin Sarkin Fulani. 'Yandoto fa, sunan garin da a da ake takowa daga nesa don neman ilimi. An dakatar da sarkin da ya yi naɗin, gaskiya ne. Amma wanda aka naɗa ɗin ya hau babur ɗinsa ya koma daji lafiya lau.

Daren Juma'a 11 ga Disamba, 2020, aka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A ranar marigayi Shugaba Buhari, Allah Ya jiƙansa, yana Daura, a cikin jihar. Iyaye suka yi dafifi a ƙofar makaranta, uwa tana kiran sunan ɗanta tana faɗuwa, abin da ya tarbe su shi ne barkonon tsohuwa. Mai magana da yawun shugaban ƙasa, Garba Shehu, ya fito ya ce yara goma ne kawai a hannun maharan. Ranar 17 ga wata aka sako yara 344. Ya ba da haƙuri daga baya, kuma wannan abin a yaba ne, don da yawa ko haƙurin ba sa bayarwa. Amma ku auna zuciyar uban da ɗansa ke cikin ɗari ukun da aka ce babu su.

Wannan shi ne abin da na lura da shi shekara da shekaru: kowane hari lissafi biyu gare shi, akwai na masu haƙa kabari, akwai na masu rubuta sanarwa. A watan Fabrairu na 2023 a dajin 'Yargoje ta Ƙanƙara, 'yan sanda suka ce mutum 41 aka kashe cikin waɗanda suka bi sawun shanun da aka sace daga ƙasar Bakori, mutanen gari kuwa suna ta kwaso gawa bayan an gama sanarwar. A farkon 2024 aka tare 'yan rakiyar amarya a yankin Damari ta Sabuwa, aka kora mata fiye da 50 daji da kayan bikinsu a jiki. Sai ranar 9 ga Yuni, 2024, shekara huɗu cif bayan Kadisau, rana ɗaya wata ɗaya, aka shiga garin 'Yargoje, mazauna suka ƙirga aƙalla mutum 50. Ranar 19 ga Agusta, 2025, a Unguwar Mantau ta Malumfashi, maƙwabtan Ƙanƙara, aka buɗe wa mutane wuta suna cikin sallar Asuba. Hukuma ta ce 32, mutanen yankin suka ce sun kai 50. Waɗannan su ne waɗanda suka shiga jarida. Mutum biyu a gona, mutum uku a hanyar kasuwar Sheme, mace ɗaya da aka ɗauke a bakin rijiya, waɗannan ba mai rubuta su sai mala'iku.

To yanzu ga mas'alar. Mutumin da wannan ya faɗa wa, in ya ɗaga murya, me ya aikata a shari'a?

Ni ban musa wajabcin biyayya ga shugaba a cikin abin da ba saɓon Allah ba. Hadisan suna nan a Bukhari da Muslim, mun karantar da su, za mu ci gaba da karantar da su. Ban kuma musa cewa ɗaukar makami a kan shugaba Musulmi fitina ce da sharrinta ya fi alherinta ba. Wanda ya ga abin da ya faru a Libiya da Siriya, ko ya ga abin da Boko Haram ta mayar da Borno, ba ya buƙatar dogon bayani. Amma khuruji yana da ma'ana a wurin malamai, ba kalma ce da ake jifan duk wanda ya ɓata maka rai da ita ba. Khawarijawa mutane ne da suka kafirta Musulmi saboda zunubi, suka halatta jininsu, suka zare takobi a kan shugaba. Dattijon nan wa ya kafirta? Jinin wa ya halatta? Wane makami ya ɗauka, ban da makarar da ya ɗauko ɗansa a kai? In ana neman waɗanda suka fita daga biyayyar hukuma da makami a ƙasar Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, ai ba a ɓoye suke ba. Su ke sa wa ƙauye harajin noma da harajin girbi, su ke yanke hukunci, su ke cewa wannan hanya a bi, waccan kada a bi. Ban taɓa jin an yi musu dogon karatu a kan khuruji ba. Kullum talakan da ya yi ihu ake karanta wa babin.

Ku buɗe Suratun Nisa'i, aya ta 148. Allah Ya nuna ba Ya son a riƙa bayyana mummunar magana, sai Ya keɓe mutum ɗaya Ya ba shi izini: wanda aka zalunta. Izinin da Allah Ya bayar daga saman bakwai, wane kwamishina ne zai janye shi, wane malami ne zai soke shi? A cikin Bukhari akwai labarin mutumin da ya zo karɓar bashin raƙumi a wurin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi masa magana da kaushi. Sahabbai suka yunƙura za su taɓa shi, Annabi ya hana su, ya nuna musu cewa wanda ke bin haƙƙi yana da damar ya yi magana, sannan ya sa aka biya shi da raƙumin da ya fi nasa. Wannan bashin raƙumi ne. A gaban fiyayyen halitta. Ina ga wanda ke bin bashin jini, a gaban shugaban ƙaramar hukuma?

Za a ce mini, Malam, ai nasiha ga shugaba a asirce ake yin ta, ka kama hannunsa ka keɓe da shi, kamar yadda ya zo a hadisin Iyad bin Ganam. Na yarda, kuma shi ne asali ga wanda ke da hanyar kama hannun. Amma ku gaya mini tsakaninku da Allah, manomin Dugun Mu'azu ta ina zai kama hannun gwamna? Ƙofa nawa ke tsakaninsa da kansilansa ma, wanda tun da abin ya yi tsanani ya kwashe iyalinsa ya koma birni? Hadisin yana ɗora nauyi a kan mai nasiha, yana kuma ɗora nauyi a kan shugaba ya zama mai samuwa. Sayyidina Umar yana Madina wani Baƙibɗe ya taso tun daga Masar ya kawo ƙarar ɗan gwamna Amru bin Asi da ya doke shi, kuma ya samu Umar, ya samu bulala a hannunsa ya rama. Ba a tsare shi a ƙofar gari an ce ya zubar da mutuncin gwamnati ba. Sannan Abu Sa'idil Khudri ya ja rigar Marwan, gwamnan Madina, a filin Idi, lokacin da ya nufi mumbari zai gabatar da huɗuba kafin salla, ya gaya masa cewa ya canza Sunna. A fili aka yi abin, a fili aka yi gyaran, ba wanda ya kira Abu Sa'id Bakhawarije. Kisan da aka yi a gaban gari duka, aka binne a gaban gari duka, ta yaya maganarsa za ta zama sirri?

Mu nan Katsina ma muna da namu gadon. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta Usulus Siyasa ne saboda Malam Ummarun Dallaje, Sarkin Katsina na farko bayan jihadi, ya nemi a yi masa bayanin yadda ake mulki. Wato shugaba ne ya aika wa malami yana neman a gaya masa nauyin da ke kansa. A cikin abin da ya lissafa masa har da kula da garuruwa da ganuwa da kasuwanni da hanyoyi, da kusantar malaman da za su gaya masa gaskiya. Shehu Usmanu kuwa a Kitabul Farƙi ya zayyana zaluncin sarakunan zamaninsa ɗaya bayan ɗaya, harajin da ba shari'a, ƙwacen dukiyar talaka, cin hanci a wurin shari'a. Da ana bin ma'aunin wasunmu na yau, da Shehu ne farkon wanda za a yi wa raddi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda toshe baki ya zama shi ne aikin da aka fi iyawa. A watan Satumba na 2021 aka katse sabis ɗin waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, aka rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, aka hana cinikin dabbobi a kasuwannin yankin, aka hana sayar da fetur a jarka. An ce don a toshe wa ɓarayi hanya ne, kuma ba na zargin niyyar waɗanda suka yi. Amma wata uku mutane suka yi ana shiga garinsu ba su da yadda za su kira ɗauki, ana binne mutum ɗan'uwansa na Kano bai sani ba sai bayan sadakar bakwai. Shirun da aka ji a watannin nan, wasu a birni suka ɗauka zaman lafiya ne. A watan Agusta na 2022 hukumar kula da kafafen yaɗa labarai ta ci tarar Trust TV naira miliyan 5 saboda shirin da ta yi a kan 'yan bindiga. Kuɗin da aka sa a kan wanda ake zargi da kisan Kadisau, shi ne daidai kuɗin da aka ci wanda ya ɗauko labarin. Ranar 1 ga Nuwamba, 2024, duk mun ga yaran da aka kama a zanga-zangar tsadar rayuwa, aka tsare su kusan wata uku, aka kawo su Babbar Kotun Tarayya a Abuja da tuhumar cin amanar ƙasa, ƙasusuwan wuyansu a waje, wasu suna zubewa a ƙasa don yunwa. Sai da duniya ta yi ca sannan Shugaba Tinubu ya ce a sake su. A lura fa, surutun mutane ne ya fito da yaran nan. Da kowa ya bi fatawar shiru, Allah kaɗai Ya san inda suke yau.

Sai kuma watan Satumba na 2025, aka yi zaman sulhu a Hayin Gada ta Faskari. Duk wanda ke da waya ya ga bidiyon. Mutanen daji sun zo da bindigoginsu a kafaɗa da jigidar harsasai, aka ba su wurin zama, aka ba su lasifika, Ado Aleru na cikinsu, ya yi jawabi. Mai kwali a hannu an kai shi Abuja a tsare, mai bindiga a kafaɗa an miƙa masa abin magana. Yaro ɗan shekara goma sha biyar da ke kallon wannan, wane darasi muke so ya ɗauka game da hanyar da ake bi a saurare ka a ƙasar nan?

Kada a fahimce ni a karkace. Ban zargi talakan da ya je wurin sulhu ba, ko kaɗan. Mutumin da ya shekara biyar bai noma gonarsa ta bayan gari ba, ya sayar da shanun huɗa ya biya kuɗin fansa, ya sayar da gonar ya biya na biyu, in aka ce masa ga hanyar da zai kwana da ido biyu rufe, wa zai ce masa kada ya bi? Wanda ke kwance a Abuja ko Kaduna ba shi da bakin yi masa gori. Gwamna Dikko Radda yana cewa gwamnati ba ta roƙon sulhu, al'umma ce ke yin abinta, ya kuma kafa rundunar tsaron al'umma tun Oktoba 2023, yaranmu ne a ciki, da yawa sun ba da rayukansu, Allah Ya karɓi shahadarsu. Sulhu kuma asalinsa alheri ne. Amma tunda da sunan addini ake kiran mutane zuwa gare shi, to a faɗi hukuncin addinin gaba ɗaya, kada a karanta rabi.

Ayar hiraba tana Suratul Ma'ida, aya ta 33, ta 34 kuma ta buɗe ƙofa ga wanda ya tuba tun kafin a ci ƙarfinsa. Ɗalibin da ya karanta Risala a zaure ya san bayanin malamanmu na Malikiyya: ɗan fashin da ya zo da kansa yana mai tuba, haddin da yake haƙƙin Allah ne ya faɗi daga kansa, amma haƙƙin mutane na jini da dukiya yana nan a wuyansa. Masu jinin su ke da ikon su yafe, ko su karɓi diyya, ko su nemi ƙisasi. Shugaban ƙaramar hukuma ba shi da ikon yafe jinin ɗan wani. Hakimi ba shi da shi. Ni malami ba ni da shi. A duk zaman da aka yi, an kira matan da aka mayar zawarawa an tambaye su? An kawo maganar diyyar mutum ɗaya? Sannan tuba tana da alama, farkonta ajiye makami. Mun ga na 2019, lokacin da Gwamna Masari ya shiga har Dankolo ya zauna da su, aka ɗauki hoto da mai bindiga a gefensa, kafin shekara ta zagayo shi da kansa ya ce sun ci amana. Mun ga Auwalu Daudawa, wanda ya jagoranci kwashe yaran Ƙanƙara, ya rantse da Alƙur'ani a Gusau a watan Fabrairu na 2021, kafin ƙarshen Afrilu ya koma daji, a can aka kashe shi. Wanda ya tuna wa mutane wannan tarihi ba maƙiyin zaman lafiya ba ne. Yanzu kuwa a wasu garuruwan an kai matsayin da in ka ce "an sace mini ɗa jiya" sai a ce ka yi shiru kada ka ɓata sulhu. Da hukuma ce ke cewa a yi shiru, yanzu har da maƙwabci.

Kuma tunda gaskiya muka zo faɗa, bari in juyo kanmu, don kukan wanda aka zalunta ba na Bahaushe ne shi kaɗai ba. Akwai Bafulatanin da bai taɓa riƙe bindiga ba, ya zo cin kasuwa da ɗan akuyarsa, 'yan sa-kai suka fizge shi suka yanka a bayan kasuwa saboda kamanninsa. Akwai rugar da aka ƙona da mata da yara a ciki. Akwai burtali da makiyayar da aka nome, aka raba wa masu hannu da shuni. Matar wannan Bafulatanin ita ma aya ta 148 ta ba ta izinin kuka, kuma ita ko titin da za ta ajiye gawa ba ta da shi. Suratul Ma'ida ɗin nan dai, a aya ta 8, ta hana ƙiyayyar wasu mutane ta kai mu ga barin adalci. Wanda ya yi shiru a kan wannan jinin don na wancan ɓangare ne, bai da bakin zargin gwamnati da yin shiru a kan nasa. Haka wanda jirgin soja ya kashe bisa kuskure, kamar masu Mauludin Tudun Biri ta Kaduna a Disamba 2023, jini ne, yana da masu shi. Amma duk wannan ba ya zama hujjar taɓa tsohuwar Kadisau, ita ba ta nome burtalin kowa ba. Sannan masu kai rahoto, masu kai fetur da burodi da ƙwaya daji, masu sayen shanun sata da araha, ba daga sama suka faɗo ba. Suna sahu ɗaya da mu a masallaci, wani ma shi ke riga kowa zuwa.

Mu malamai kuwa, namu ya fi na kowa nauyi. Mun yi alƙunutu saboda Gaza, kuma ya dace, za mu ci gaba, jinin Musulmi ɗaya ne ko a ina. Amma mu tambayi kanmu don me harshenmu ke da kaifi a kan Isra'ila da Amurka, in aka zo kan abin da ke faruwa kilomita talatin daga mumbarinmu sai mu koma "Allah Ya kawo mana sauƙi" mu shafa. Amsar ba ta da daɗi: zagin Netanyahu ba ya hana kowa kujerar Makka, ba ya sa a daina gayyatarka tafsirin gidan gwamnati. Ni ma da nake wannan rubutu ban wanke kaina ba. Akwai Juma'ar da aka binne mutane da safe a garin da ke kusa da mu, na hau mumbari na yi huɗuba a kan ladubban cin abinci, don ita na riga na shirya, kuma don ina gudun a ce na shiga siyasa. Har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni. A shekarar yunwa ta zamanin Sayyidina Umar, ya haramta wa kansa man shanu har fatarsa ta canza launi, don talakawansa ba su samu ba. Mu ba a ce mu bar cin mai ba, cewa aka yi mu buɗe baki.

Na san masu cewa "Malam ya koma ɗan adawa" suna nan tafe. Ku duba da kyau, ban ce a zaɓi wane ko a kayar da wane ba. Abin nan ya ratsa gwamnatoci, ya ci mutanen kowace jam'iyya, ɗan bindiga ba ya tambayar katin zaɓe. Na kuma san akwai sojoji da 'yan sanda da suka mutu a dazukan nan suna kare mu, 'ya'yan talakawa ne su ma, iyayensu na kuka irin namu.

Ga matasa masu zafin jini kuma, izinin kuka ba izinin ɓarna ba ne. Ba ƙona dukiyar gwamnati, ba fasa shagon wani, ba zagin iyayen shugaba, ba yaɗa hoton gawar da ba ka tabbatar daga ina take ba, ba ƙara ko mutum ɗaya a kan adadin da ka sani. In ka ƙara, ka ba mai ragewa hujja. Tare hanya ma ni ba na ba da shawararsa, domin a cikin motocin da aka tsayar akwai mai naƙuda, akwai mara lafiya da ake gudu da shi asibitin Funtuwa. Na gaya wa dattijon haka. Amma kuskuren mai raɗaɗi a wajen zaɓen hanya abu ne daban, fita daga Sunna abu ne daban.

Abin da nake roƙo, kuma ba ya buƙatar izinin kowa: kowane limami a ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, da duk inda abin ya taɓa, ya sayi littafi na rubutu. Duk wanda ya sallata wanda aka kashe, ya rubuta sunansa da sunan mahaifinsa, da ranar, da wurin, da adadin marayun da ya bari. Wanda aka sace a rubuta, da abin da aka biya. Bahaushe ne ko Bafulatani, a rubuta. Limami ne ya fi kowa sanin adadi, don shi ke tsayawa a gaban gawa. Shari'a ba ta tsayawa sai da hujja, kuma ranar da za a zauna maganar diyya, ko ranar da wani zai fito a rediyo ya ce mutum goma ne, littafin nan ne zai amsa. A kai kwafi ga hakimi, a kai ga ɗan majalisa, a karanta sunayen a yi musu addu'a bayan salla, marayun kuma a san ƙofar gidan da za a kai zakka. Masu ilimin boko a cikinku su taimaka wa limamai da tsara shi.

Dattijon nan, da na gama yi masa bayani na ce masa, "Baba, ba ka fita daga Sunna ba, kai mai haƙƙi ne, Allah da kanSa Ya ba ka izinin kuka," sai ya saki hannuna ya share ido da bakin rigarsa. Ya ce, "To alhamdu lillahi. Amma Malam, yanzu wa zan kai wa ƙara?"

Nan kam ban da amsar da zan ba shi a tsaye. Na ciro ɗan littafin da nake rubuta tambayoyin ɗalibai, na buɗe sabon shafi, na ce ya faɗa mini sunayensu. Ya faɗi na babban, ya faɗi na ƙaramin, ya ce ƙaramin ko wata biyu bai yi da aure ba. Ya tsaya sai da ya ga na rubuta, ya sa na karanta masa don ya tabbatar ban yi kuskure ba, sannan ya ɗauki takalmansa ya tafi. Allah Ya jiƙansu, Ya jiƙan dukkan waɗanda aka kashe.